Fankar da Aka Toshe wa Baki

Masu karatu, kafin ku fara yanke min hukunci a ƙasan rubutun nan kamar yadda kuka saba, ku bari in faɗi abu ɗaya da bakina: ina son shi. Ba wanda ya tilasta min. Ni na gan shi, ni na ce ya yi min, ni na riƙa murmushi ni kaɗai a gaban madubi kamar wadda ta zare. Don haka duk wadda ta shirya rubuta min "dama can ba kya son shi ne", ta adana datarta.

A gidanmu 'Yar Fanka ake ce min. Anti, ƙanwar Ummata, ita ta laƙaba min, wai sauran 'yan mata suna kwana da tunanin samari, ni ina kwana da tunanin fankar kwamfuta. Sunan ya bi ni, ni kuma na rungume shi, har shi nake amfani da shi a intanet.

Aikina a wani situdiyon hoto yake. Ba ni ke ɗauka ba, ni ke tacewa. Mai situdiyo zai dawo daga biki ya zube min hotuna tuli, in zauna in ware wanda amarya ta rufe ido, wanda ango ya hangame baki, wanda wata ta gitta da faranti a hannu. Laftof ɗin aikin tsohuwa ce tukuf. Manhajar kallon hoton da ta zo da ita, kafin ta buɗe miki hoto ɗaya kin haɗa shayi kin shanye. Ina cikin neman mafita na yi karo da wata 'yar manhaja mara nauyi, ki danna kawai hoto ya fito, ki ƙara danna na gaba ya fito. Abin da ya fi burge ni, waɗanda suka rubuta ta ba su kulle ta ba. Kowa zai iya leƙa cikinta ya ga yadda aka gina ta, ya gyara, ya raba wa wasu, muddin shi ma ya bar ta a buɗe.

Daga nan na gano 'yar uwarta, wadda ke kula da fankar da ke cikin laftof. Tamu ta situdiyo tana zafi har ba na iya ɗora ta a cinya, sai manhajar nan ta ba ni dama in ce wa fanka ta ƙara gudu idan aiki ya yi yawa, ta sassauta idan an huta. Na fara da fassara ta zuwa Hausa, na koma gyara ƙananan kurakurai, har mai kula da ita ta yarda da ni. Wata tsohuwar malama ce da ta yi ritaya a wata ƙasa, ban taɓa ganin fuskarta ba, Kaka muke ce mata. Ta ba ni mabuɗin sakin sabon gyara ga duk mai amfani da manhajar, aka kuma sa sunana a ƙasan allonta. Sharaɗinta ɗaya ne, kuma ba ta wasa da shi: ba a shigar da gyara sai an rubuta gaskiyar dalilinsa a fili, inda kowa zai karanta.

Shi kuma Injiniya ake ce masa. Bai karanci injiniyanci ba, amma ku gwada faɗa masa haka. Yana da shagon sayar da laftof na hannu a layin masu kayan wuta. Ya zo situdiyo a ɗaukar masa hotunan kayansa na talla, ya tsaya a bayana yana kallon yadda hotuna ke wucewa fit-fit a tsohuwar kwamfutata.

"Malama, wannan gyatumar ce ke gudu haka?"

"Gyatumar da aka iya riƙo ce," na ce, ban ko waiwayo ba.

Ya yi dariya. Da na san dariyar nan za ta hana ni sukuni, da na toshe kunne. Dogo ne, mai tsafta, farar rigarsa ko yaushe kamar yanzu aka ɗauke dutsen guga daga kanta. Kuma shi ne namiji na farko da na yi wa bayanin aikina bai duba agogo ba. Na nuna masa manhajojin biyu, ya ce zai riƙa sa wa duk kwamfutar da zai sayar. Ni na zana masa sitikar shagonsa, shuɗiya mai farin tauraro a gefe. Umma ta so shi, Abba ya yaba hankalinsa, Anti kuwa ta riga ta zaɓi kalar da za ta sa ranar biki. An tsayar da magana iyayensa za su zo wurin Abba ranar Lahadi.

Ranar Alhamis da rana ina situdiyo saƙo ya shigo shafin da masu amfani da manhajar fanka ke kai ƙorafi. Wata ɗalibar jinya ce. Ta rubuta:

"Wadda ake kira 'Yar Fanka, Allah ya isa tsakanina da ke. Na sayi laftof da manhajarki a ciki. Ba ta taɓa yin ƙara ba, sai zafi. Jiya ina tsakiyar rubuta aikina na kammala makaranta ta mutu. Mai gyara ya ce cikinta ya ƙone saboda manhajarki ta hana fanka juyawa. Aikina duk yana ciki."

Ta haɗa da hoton ƙasan kwamfutar, robar ta narke ta kumbura. Na buɗe shi a manhajar kallon hoto, na ƙara girmansa, na ja shi gefe don in ga lambar ƙirar. Ban kai ga lambar ba. A kusurwa, rabi a ƙone, ga shuɗiyar sitika da farin tauraro.

Na ce wa kaina ƙila kuskure ne. Kun san zuciya idan tana so, lauya ce mai zaman kanta. Na nemi izini wurin mai situdiyo, na ja mayafina na nufi shagon.

Layin cike yake da hayaniya kamar kullum, masu lasifika suna gwada kaya, masu caja sun baza tebura har bakin titi. Shagonsa na da ƙofar gilashi da sanyin na'ura, kwamfutoci a jere kan farin kanta, kowace a buɗe tana sheƙi. Na same shi da wani dattijo da ya zo saya wa 'yarsa. Ya ɗaga min gira alamar in jira, ya juya ga mutumin.

"Baba, kawo kunnenka nan. Saurara da kyau. Ka ji wani ƙara?"

"Shiru kake ji."

"To ka gani. Wadda ta gaji, ihunta kawai za ka ji. Wannan lafiyarta lau."

Na zura hannu ƙarƙashin wadda ke kusa da ni. Sai da na janye da sauri, kamar na taɓa murfin tukunya. Na taɓa ta biyu, haka. Na buɗe manhajata a ta uku. An ɗaure fankar a mafi ƙarancin gudu, an kashe wurin da ke ba ta damar tashi idan zafi ya yi yawa. Kuma ga sunana nan a ƙasan allo, yana kallona. Ban tsaya ya sallami dattijon ba. Na ce wa mutumin, "Baba, ka taɓa ƙasanta kafin ka biya," na fice.

Ban kai bakin titi ba waya ta fara ƙara.

"Me kika yi min haka a gaban mai saye?"

"Me ka yi wa fankokin?"

"Ranki ya daɗe, sirrin sana'a ne. Fankokin sun tsufa, in suka tashi kamar injin niƙa. Mutum na jin ƙara zai juya. Duk layin nan haka ake yi."

"Duk layin ba su sa sunana a ciki ba."

"Ke kika ce min kyauta ce, kowa ya yi yadda yake so da ita."

"Na ce a buɗe take. Ban ce ta yaudara ba ce."

Ina kashe wayar ya turo hoton zuciya ja, ya bi da na fuska mai kuka. Wallahi sai da na yi murmushi, kuma na tsani kaina a kan murmushin.

Ranar Juma'a gaba ɗaya a kan gyara na ƙare. Na sa manhajar ta daina bin umarnin kowa idan zafi ya wuce iyaka, fanka ta tashi ko an so ko ba a so. Sannan na ƙara wani jan rubutu da zai fito a allon duk kwamfutar da aka samu a ɗaure: "An taƙaita fankar wannan kwamfuta har tana iya ƙonewa. Ka kwafe aikinka yanzu. Idan ba kai ka yi ba, ka koma wurin wanda ya sayar maka." Na rubuta dalili a fili, ban ambaci shagon kowa ba. Kaka ta duba, ta amsa da kalma biyu: "Ya yi." Abin da ya rage in danna saki, duk kwamfutar da aka kunna da intanet ta karɓa. Na tura wa Injiniya hoton rubutun da saƙon ɗalibar, don ban iya yi wa mutum a bayan ido ba.

Shi kuma ya iya. Asabar da safe ina shara na ji Umma tana waya a ɗaki, tana "To, to, kar ka damu ɗana, zan yi mata magana." Kafin azahar Anti ta iso da jakarta da turarenta mai hawa kai.

Suka zaunar da ni a bakin gadon Umma, ɗaya a dama ɗaya a hagu.

"Ke yanzu," in ji Anti, "a kan fanka za ki kashe aurenki? Fanka fa! Ko ta silin ce ai sai a ce kin yi hauka, balle wadda ko ganinta ba a yi."

"Anti, wata ta rasa aikin makarantarta."

"'Yar uwarki ce? Kin san ta?"

"Ta san ni. Da sunana ta yi Allah ya isa."

Umma ta dafa gwiwata. Ita ba ta ɗaga murya, shi ya sa tata ta fi shiga jiki. "Ya ce min zai saya wa yarinyar wata kwamfutar. Ya ce ki yi gyaranki, fanka ta juya, ba wanda ya hana ki. Jan rubutun nan kawai za ki cire. Mace tana rufa wa mijinta asiri, 'yar nan. Ba kowane abu ake shanyawa a waje ba."

"Umma, in na cire, fanka za ta fara ihu, mutane su ɗauka tsufa ne. Ba wanda zai san cikinta ya riga ya dahu. Za su ci gaba da aiki a kai har ta mutu musu."

"Sai ki cire, ki rubuta wa Kakar taku wani dalilin daban," Anti ta ce. "Wa zai bincika? Tsohuwar da ko gaisuwa ba ta taɓa aiko wa uwarki ba?"

Na haɗiye amsar da ke bakina, don ba ta da ladabi.

Bayan la'asar ya zo. Anti ta fito min da leshi ruwan zuma da ɗan kunnen Umma na zinare, ta ce in sa in je in lallashi mutum. Na ninke leshin na ajiye mata a kan kujera. Doguwar rigata baƙa ta zuwa aiki na saka, da farin mayafi, ko hoda ban shafa ba. Na ɗauki tiren ruwa da lemo a hannu ɗaya, kwamfutata a ɗayan.

Yana zaune a kushin ɗin kusa da taga, farar riga, agogon azurfa, idanunsa sun faɗa kamar bai yi barci ba. Masu karatu, ba zan yi muku ƙarya ba, da na gan shi haka sai da ya ba ni tausayi. Na so in ajiye komai in ce masa maganar ta wuce. Labulen ƙofar ciki yana motsi, kuma ba iska a gidan.

"Kin rame," ya ce.

"Kwana biyu ba a rama. Sha ruwa."

Ya juya kofin a hannunsa. "Na yi kuskure, na yarda. Daga yau ba zan sake ɗaure ko ɗaya ba. Amma waɗanda suka riga suka fita, ki bar su. In rubutun nan ya fito, gobe shagona zai cika da mutane. Layin nan ba a manta abu. Shagon nan da shi zan riƙe ki."

"To ka riga rubutun isa gare su. Kana da lambobinsu. Ka kira su da bakinka, ka ce su kawo a buɗe a canza fanka. In ka yi haka, ko rubutun ya fito zai tarar ka riga ka faɗa. Ni zan zo shagon in taya ka kwancewa, na iya riƙe sukundireba."

"In kira mutum in ce masa na cuce shi?"

"Ka ce masa ka gyara."

Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Ke ba ki san kasuwa ba. Kina zaune a bayan allo da mutanen da ba su san ko kin ci abinci ba, kuna wasan gaskiya. Ni nake nan. Ni na zo gidanku. Gobe iyayena za su zo."

"Na sani."

"To ki zaɓa. In kika saki rubutun nan, ki gaya wa Abba kar ya jira kowa gobe."

Labule ya daina motsi. Na ji Anti ta ce "Innalillahi" ƙasa-ƙasa.

Kun san abin da ya ba ni haushi? Ba barazanar ba ce. Yadda ya jingina da kushin bayan ya faɗa, ya ɗauki lemonsa ya kurɓa, irin na wanda ya san ya gama magana. Ya auna ni ya ga iyakata. Ya san ina son shi, ya ɗauki son ya ɗora a kan bakina.

Na buɗe kwamfutar a kan teburin tsakiya, na juya ta yadda zai ga allon. Na kai yatsa na danna. Wani ɗan koren layi ya cika, ya ɓace.

"Ya tafi," na ce.

Ya ajiye kofin a hankali, ya ɗauki makullin motarsa, ya fita bai yi wa kowa sallama ba. Anti ta faɗo falon tana tafa hannu, tana cewa an yi min asiri da kwamfuta, ita dama tun ranar da ta ga ina magana da allo ta san za a rina. Umma ta shigo a bayanta. Ta kwashe kofunan, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ke za ki faɗa wa babanki. Ni ba zan iya ba."

Na shiga ɗakina na rufe ƙofa, na yi kukan da na riƙe tun Alhamis. Na yi shi sosai, har da majina, kar wata ta ɗauka jaruma ce ni. Ina kuka ina ba shi uzuri. Na ce tsoro ne ya sa shi, na ce kasuwa ce ta koya masa, na ce baƙi yake yi wa, mutanen da ba zai sake gani ba, da ya san fuskokinsu da bai yi ba. Na duba waya ya fi a ƙirga. Ba saƙonsa. Na ɗalibar ne kawai: "Na ga abin da kika rubuta. Na janye maganata." Ban ji daɗin da na zata zan ji ba. Amma da za a mayar da ni falon, yatsan nan dai zan sake kaiwa.

Bayan magariba na wanke fuska, na tsaya ina haɗa kalmomin da zan faɗa wa Abba. Sai na ji muryarsa daga falo.

"Ina 'yar fankar nan? Zo ki duba min wani abu."

Yana zaune da tabarau a kan hanci, laftof ɗinsa a kan ɗan teburin da yake karanta labarai. Injiniya ne ya kawo masa ita da hannunsa, a cikin kwali, ya durƙusa har ƙasa ya ce ya zaɓo wa Abba wadda ta fi kowace lafiya a shagon. Ban taɓa tunanin duba ta ba. Wa zai yi wa uban matar da zai aura haka?

Tun daga bakin ƙofa nake jin fankar tana ihu. A tsakiyar allon ga jan rubutuna.

Abba ya karanta shi a fili, kalma bayan kalma, har zuwa "wanda ya sayar maka". Ya sa tafin hannu a ƙasan kwamfutar, ya janye. Umma na tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu, Anti a bayanta, bakinta a rufe karo na farko tun azahar.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ni ce, Abba."

"Kin san tawa na ciki?"

"Ban sani ba."

Ya cire tabarau ya ninke, ya ajiye a kan teburin. Sannan ya miƙo min wayarsa.

"Kira min shi. Ki sa yadda kowa zai ji."